Ciwon kumburin hanji: yadda za ka daidaita barcinka da hasken safiya

An ce dare mahutar bawa, amma mai ciwon kumburin hanji ya san ba kowane dare ba. Ƙarfe biyu ciki ya murɗa, a lallaɓa a nufi bayi, a dawo a kwanta, barci ya ce bai san zancen ba. Sai a jawo waya a yi ta latse-latse har a ji kiran sallar farko. Da gari ya waye kuma sai a rama da barcin safe har walaha, daren gobe ido ya sake bushewa. Haka abin ke ta zagayawa, ciki ya hana barci, rashin barci ya ƙara tunzura ciki.

Kafin mu yi nisa, gara a san wane ciwo ake magana a kai. Ba atuni ba ne, ba basir ba ne, ba kuma olsar nan da kowa ya sani ba ce, ko da yake a wurarenmu mutum kan shekara yana shan maganin waɗannan kafin a gano gaskiyar abin da ke damunsa. Ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa far wa hanjin mai ita, ya lafa na wani lokaci ya sake tashi. Iri biyu ne manya. Akwai cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga likita Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a birnin New York a 1932, ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura. Akwai kuma gyambon babban hanji, wanda ke tsayawa a babban hanji da ƙarshensa. Likitoci kan haɗa su biyun a ƙarƙashin haruffan IBD. Idan ba a tabbatar maka da ɗayansu a asibiti ba, to aikinka na farko shi ne neman a duba ka, domin tarin fuka na hanji da wasu cututtukan kan yi kama da su sosai.

Mene ne haɗin hanji da fitowar rana?

A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu ke gittawa, akwai wani ɗan dunƙule na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Idan aka bar shi shi kaɗai, zagayensa yakan ɗan zarce awa 24, don haka kullum sai an saita shi, kuma abin da ke saita shi shi ne hasken da ke shiga ido. Akwai wasu ƙwayoyi a bayan ido da ba gani ne aikinsu ba, auna haske suke yi su aika wa agogon nan labari. Idan haske ya yi ƙarfi da safe, jiki ya san gari ya waye. Idan duhu ya shigo, sai sinadarin melatonin, mai shirya jiki ya yi barci, ya fara hauhawa, kamar awa biyu kafin lokacin da mutum ya saba barci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hanji ma yana da nasa agogon, haka hanta, haka ƙwayoyin garkuwar jiki. Binciken yadda waɗannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta shi ya jawo wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel a 2017. Motsin hanji, da gyaran fatar cikinsa, da fitowar sinadaran da ke hura kumburi, duk suna da lokacinsu a yini. Idan babban agogo yana cewa dare ne, ciki kuma ana zuba masa tuwo ƙarfe ɗayan dare, ido yana kallon hasken waya, sai ganga ta rabu da rawa.

An gwada wannan a kan ɓeraye: waɗanda aka riƙa jujjuya musu lokacin haske da duhu, da aka jawo musu kumburin hanji sai nasu ya fi muni. A kan mutane kuma, wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya bi masu cutar Crohn da ciwonsu ya lafa, ya tarar waɗanda barcinsu ba shi da kyau sun ninka sauran haɗarin tashin ciwon cikin wata shida. Ba a ga hakan a fili ga masu gyambon babban hanji a wannan binciken ba. Sai dai wani da ya biyo baya a 2014, a kan ma'aikatan jinya mata, ya nuna masu barcin ƙasa da awa 6 ko sama da awa 9 sun fi kamuwa da gyambon.

Gwajin hasken safiya a matsayin magani ga wannan ciwon kuwa sabon fage ne, kuma binciken da aka yi a kai bai taka kara ya karya ba tukuna. Abin da aka tabbatar shi ne haske yana gyara lokacin barci, yana kuma taimaka wa masu ciwon damuwa. A ganina wannan ma ya isa dalili, tunda kasala da damuwa da rashin barci su ne rabin wahalar mai wannan ciwo. Amma kada wani ya ajiye maganinsa ya ce rana ta ishe shi. Rana ba ta warkar da gyambo.

Mako na farko: rubuta kawai

Kada ka canza komai tukuna. Nemi ɗan littafi, kowace safiya ka rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa kake zaton barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka da abin da ya tashe ka, da lokacin da ka bar shimfiɗa gaba ɗaya. Ƙara da sau nawa ka zaga a yinin, ko akwai jini, da lokacin da ka ci abincin ƙarshe. Minti biyu ya isa.

Bayan kwana bakwai ka zauna ka duba. Idan gudawa ce ke tashin ka tsakar dare, dare bayan dare, to matsalarka ba ta tsarin barci ba ce. Gudawar da ke tada mutum daga barci alama ce ta cewa kumburin yana ci, likita ya kamata ya gani, mai yiwuwa ya sa a yi gwajin jini ko na bayan gida. Haka idan akwai zazzaɓi, ko jini ya ƙaru, ko kana ramewa. Idan kuwa ciki lafiya lau amma lokutan ne suka watse, yau ƙarfe goma, gobe ƙarfe biyu, ranar Asabar barci har azahar, to nan wannan jagorar za ta fi yi maka amfani.

Kafa lokacin tashi, ka bar lokacin kwanciya ya biyo baya

Nan ne gindin maganar. Ba wanda ke iya tilasta wa kansa barci, barci ɓarawo ne, sai ya ga dama yake zuwa. Tashi kuwa a hannunka yake. Zaɓi lokaci guda da za ka iya riƙewa kwana bakwai a mako, har ranakun hutu, kada bambancin ya wuce rabin awa zuwa awa guda. Ko daren ya yi muni, ka tashi a lokacin. Yinin zai yi nauyi, gaskiya ne, amma wannan nauyin shi zai jawo barci da wuri a dare na gaba. Wanda ya rama da barcin safe ya ci bashi ne, daren gobe zai biya.

Ga mai tashi sallar asuba akwai hanya biyu. Ta farko, wadda na fi so, ita ce asuba ta zama ita ce lokacin tashi: a kwanta ba da jimawa ba bayan isha'i, wajen tara da rabi ko goma, a samu awa bakwai kafin kiran salla, kada kuma a koma. Ta biyu, ga wanda aikinsa ba ya barin sa kwanciya da wuri, ita ce a yi salla cikin haske kaɗan, ba waya, a koma a kwanta, amma a sa iyaka tabbatacciya, misali ƙarfe bakwai, kullum. Abin da ke ɓata lissafi shi ne komawar da ba ta da ƙarshe, yau bakwai gobe sha ɗaya.

Idan ka saba tashi ƙarfe goma ko sha ɗaya, kada ka yi tsalle ɗaya zuwa ƙarfe shida. Akwai dalili mai ƙarfi. Zafin jikin mutum yakan sauka zuwa mafi ƙasa kamar awa biyu zuwa uku kafin lokacin da ya saba farkawa. Hasken da ya shiga ido bayan wannan lokaci yana jawo agogo ya matso da wuri, wanda ya shiga kafinsa kuma tura shi baya yake yi. Ke nan mai tashi sha ɗaya, idan ya fito rana ƙarfe shida, yana iya ƙara jinkirta agogonsa ba tare da ya sani ba. Sai a riƙa ragewa da kaɗan-kaɗan, minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu ko uku, har a iso inda ake so. Sannu ba ta hana zuwa.

Fita waje

Cikin awa guda da tashinka, idan rana ta ɓullo, ka fita. Tsakar gida, ƙofar gida, kan hanya zuwa sayen ƙosai, duk ɗaya ne. Minti 20 zuwa 30. Ba kallon rana za ka yi ba, wannan ɓata ido ne. Kasancewa a fili da ido buɗe shi ne abin nema, ko a inuwar bishiya kake. Cire baƙin tabarau, amma na ƙara gani ba ya hana komai.

Wani zai ce ai ɗakina da haske. Ido ne ke yaudarar ka, don yana saurin sabawa. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin laks. Ɗaki mai ƙwan lantarki yakan tsaya tsakanin laks 100 zuwa 500. Waje kuwa, ko a inuwa, ana maganar dubbai ne, tsakar rana ma har 100,000. Ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ko hadari ya haɗo da damina, hasken waje ya ninka na ɗaki sau da yawa, sai dai a ɗan ƙara lokacin. Zama kusa da taga ya fi babu, amma bai kai fita ba.

A wannan fanni mu masu zama kusa da tsakiyar duniya mun yi sa'a. A Kano rana na fitowa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, bambancin bai kai awa guda ba. Wanda ke Landan kuwa a watan Disamba sai wajen ƙarfe takwas zai ga fitowarta, kafin huɗu na yamma ta faɗi. Irin waɗannan ƙasashe aka ƙera wa fitilar jinya, wato fitila mai ƙarfin haske da ke tsaya wa hasken safiya, wadda ta yi fice tun bayan da Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana ciwon damuwar hunturu a 1984. Idan kana can, ko aikinka ya kulle ka a ɗaki tun kafin gari ya waye, ka nemi mai ƙarfin laks 10,000 wadda ke tace hasken da ke ƙona fata. A ajiye ta a gefe, a nisan da masu ita suka rubuta, kamar kamu ɗaya daga fuska, haskenta na sauka a ido ba tare da an zura mata ido ba. Minti 20 zuwa 30 da safe, ana karyawa ko ana karatu. Fara da minti goma a kwanakin farko. Idan kai ya yi ciwo ko ido ya gaji, ƙara nisa ko rage lokaci. Da yamma kuwa kada a kunna ta sam. Mai zama Zariya ko Maraɗi ba shi da dalilin kashe kuɗinsa a kanta.

Akwai waɗanda sai sun tambayi likita kafin su fara. Wannan ciwo yakan taɓa ido, ya sa shi ja da zafi da gudun haske. Duk wanda ya ga haka, likitan ido zai nufa cikin gaggawa, ba tsakar gida ba. Haka mai wata cutar bayan ido. Mai larurar ƙwaƙwalwar nan da ke kai mutum sama ta dawo da shi ƙasa, wato wani lokaci zumuɗi da rashin barci, wani lokaci baƙin ciki mai tsanani, haske mai ƙarfi yana iya tayar masa da ita. Sannan wasu magungunan ciwon kansu suna sa fata ta kasa jure rana: sulfasalazine da methotrexate na cikinsu, azathioprine kuma yana ƙara haɗarin sankarar fata ga mai yawan shan rana. Maganin wannan mai sauƙi ne, tunda ido ake so hasken ya shiga, ba fata ba. Sa riga mai dogon hannu, ko hijabi, zauna a inuwa, ka yi abinka da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Fitilun nan masu jan haske da ake tallatawa a intanet, wai a ɗora a ciki su kashe kumburi, wani abu ne daban. Babu hujjar da ta isa a ce suna maganin wannan ciwo.

Dare kuma a bar shi ya zama dare

Hasken safe rabin aiki ne. Awa biyu kafin kwanciya a rage fitilu. Farin ƙwan sola da fitilar caji masu haske kamar na ɗakin tiyata su suka fi danne melatonin, mai ruwan ɗorawa ya fi sauƙi. Waya a rage haskenta, mafi kyau ma a sa ta caji nesa da shimfiɗa, domin ba haskenta kaɗai ke hana barci ba, har da abin da ke cikinta.

Ga wata dabara da ta shafi masu wannan ciwo musamman. Tunda fita bayi da dare ba makawa ne a wasu lokuta, a shirya mata. Ajiye ƙaramar tocila mai rauni, da buta, da takalmi, a inda hannu zai kai. A share hanya tun da yamma. Kada a kunna babbar fitila, kada a duba ƙarfe nawa, kada a ce bari in leƙa WhatsApp tunda na riga na tashi. A je a dawo cikin duhu-duhu, jiki bai gama farkawa ba. Idan an dawo kuma barci ya ƙi, aka yi kamar minti 20 ana juyi, a tashi a zauna a gefe, a yi tasbihi ko wani abu mara tada hankali, sai an ji gyangyaɗi a koma. Kwanciya ana fama da ido biyu tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gado wurin tunani ne.

Da bazara zafi kan yi nasa. Jiki ba ya shiga barci sai zafinsa ya ɗan sauka, don haka wanka kafin kwanciya yana taimakawa, haka kwana a tsakar gida cikin gidan sauro ga wanda ya samu hali.

Abinci da abin sha da magani

Agogon hanji abinci yake bi fiye da haske. Shigar abinci ciki tana motsa babban hanji, shi ya sa wasu da sun ci sai bayi. Idan aka ci mai nauyi ƙarfe goma na dare, an gayyato wannan motsi cikin barci. A yi ƙoƙari abincin dare ya kasance awa uku kafin kwanciya, kusa da magariba ke nan ga mafi yawanmu, a kuma karya da safe a lokaci guda, ko da ɗan kunu ne. Wanda ke ramewa kuma likita ya ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya bi maganar likita.

Shayi da kofi da lemon kwalba mai duhu da goro duk suna ɗauke da sinadarin caffeine mai korar barci, wanda rabinsa ke nan a jiki bayan awa biyar ko shida, ga shi kuma yana zaburar da hanji. Bayan azahar a haƙura da su. Na san teburin mai shayi da dare ba shayin kaɗai ake zuwa sha ba, hira ce. A je hirar, a bar kofin. Taba kuwa tana tsananta cutar Crohn, tana kuma ɓata barci.

Prednisolone, wanda ake bayarwa idan ciwo ya tashi, sananne ne wajen hana barci. Galibi da safe ake shan sa gaba ɗaya bayan an karya. Idan an raba maka shi har da na dare kuma ido ya ƙi rufuwa, ka tambayi likita ko za a mayar da shi safe. Kada ka daina shi kai tsaye, dainawar farat ɗaya tana da haɗari. Idan ciwon gaɓoɓi ko na ciki ne ke hana ka barci, kada ka aika kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen, irinsu suna iya tayar da kumburin. Paracetamol ya fi aminci. Ƙwayar melatonin da magungunan sa barci ma a bar su sai da shawarar likita.

Wani abu da ake yawan mantawa: zubar jini a hankali yana ƙarar da sinadarin ƙarfe a jiki. Ƙarancinsa na kawo kasalar da barci ba ya gusarwa, yana kuma kawo wani jin kamar ana tafiya a cikin ƙafafu da dare, mutum ya kasa barin su wuri ɗaya. Idan kana jin haka, ka nemi a auna maka jini da ma'ajiyar ƙarfen. Masu cutar Crohn da ta taɓa ƙarshen ƙaramin hanji su sa a duba musu bitamin B12.

Ƙailula, azumi da aikin dare

Ƙailula ba laifi, matuƙar ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba kuma an yi ta kafin la'asar. A lokacin da ciwo ya tashi jiki na buƙatar hutu fiye da haka, a ba shi. Ko a irin wannan hali, a buɗe taga da safe, a jawo kujera bakin ƙofa, kada ɗaki ya zama duhu dare da rana.

Watan azumi yana juya komai. Maganar ko za ka iya azumin, da yadda za a sauya lokutan magani, a gama ta da likita tun cikin Sha'aban. Idan za ka yi, ka sassauta buɗa-baki, kada a tara maiƙo da yaji a ciki lokaci guda, ka kwanta da an idar da tarawihi, ka kuma riƙe lokacin tashi guda bayan sahur tare da fitar safen nan.

Mai aikin dare, ma'aikacin jinya ne ko mai gadi ko direban doguwar tafiya, lissafinsa a juye yake. Shi hasken safe abokin gaba ne idan zai je ya kwanta. Ya sa baƙin tabarau a hanyar komawa gida in ba tuƙi yake ba, ya toshe tagogi da labule mai kauri, ya nemi haskensa bayan ya farka. Ya guji cin mai nauyi tsakanin sha biyun dare da asuba. Idan juyin aiki ne, mako dare mako rana, kuma littafinsa ya nuna ciwo na tashi duk bayan zagayen dare, wannan hujja ce da zai iya kai wa likita ya rubuta masa takarda a nemi a tsayar da shi a aikin rana.

A ba tsarin mako huɗu kafin a yanke masa hukunci. Kwanakin farko sukan fi wuya, sai a mako na biyu ko na uku ake fara jin gyangyaɗi na zuwa da kansa a lokaci guda. Ci gaba da rubutu a littafin, ka kwatanta makon farko da na huɗu: minti nawa kake ɗauka kafin barci, sau nawa kake farkawa, yaya ƙarfin jiki da hantsi. Ranar ganin likita ka tafi da shi. Idan an yi wata guda ana bin tsari barci bai gyaru ba, ko mai ɗakinka ta ce kana minshari har numfashi na ɗaukewa, ka faɗa masa wannan ma, don akwai cututtukan barci da ke buƙatar nasu gwajin daban.